Takalman Kurciya

Wata huɗu ke nan Kurciya ba ta taka filin folo ba.
Ranar da abin ya faru ana zagaye na uku,
ruwan Agusta ya jiƙa ƙasa,
ta juya za ta bi ƙwallo,
sai na ji wani ɗan sauti kamar tsirkiya ta tsinke.
Alhaji Sidi ya sauko yana duba sandarsa,
ni ina duban ƙafar hagu ta gaba.

Kafin isha jijiya ta tanƙware kamar ayaba.
Na kwana ɗora mata ƙanƙarar masu zoɓo,
tana narkewa, ina lissafin kuɗin.

Yau Dokta Kuyet ta goga na'urarta, ta dubi allo,
ta ce baƙin ramin nan ya fara cikewa.
"Minti goma, tafiya kawai,
ba sassarfa, balle sukuwa.
Ka nemo mata takalmi, Barau, amma ka sani
takalmi ba ya ɗaukar nauyin doki.
Duka yake tarewa,
kada kofaton baya ya sare
abin da muka yi wata huɗu muna ɗinkewa."

Na auna ƙwaurinta da zare, na yi ƙulli biyu,
na sa a aljihu, na nufi Kasuwar Barci.

Gambo mai gwanjo ya zazzage buhu a gabana.
Na farko na roba ne, baƙi, mai kauri,
yana sheƙi kamar na sabon kurtu.
Na cusa hannu ciki muna ciniki.
Kafin mu sauko dubu takwas
tafina ya yi sharkaf.
Abin da ya dafa hannuna a inuwa,
me zai yi wa jijiya da azahar?

Na biyu an shimfiɗa masa gashin tunkiya,
taushi kamar kumatun jinjiri.
Kyau kam akwai.
Amma an yi shi ne don garin da ruwa ke daskarewa.
A nan laka zai sha, ya tara yashi da ƙarangiya,
ya riƙa gurzar fata a ɓoye
har sai na ga jini.

Gambo ya ce, "To ka naɗa bandeji mana, ya fi arha."
Na san hannuna.
Amma ran Juma'a Tanimu ne a barga,
yaron da ke ɗaure ƙafa kamar damin itace.

Can ƙasan buhu na ga wasu, sun koɗe,
jikinsu huda-huda kamar rariya,
bayansu da tauri kamar ƙoƙon kunkuru,
a hannu kuma sakayau.
Na ɗora zarena, ƙulli ya faɗa kan ƙulli.
Maɗauri guda ya mutu, ba ya kamawa.
Na nuna wa Gambo, ya rage ɗari biyar
yana rantsuwa na cuce shi.

A Tudun Wada baduku ya juya su, ya sake juyawa,
ya ce, "Wane yaro ne da siririyar ƙafa haka?"
Na ce 'yata ce, ƙafafunta huɗu.
Ya yi dariya har basilla ta faɗi.

La'asar sakaliya na goge ƙafa, na busar,
na ɗaura daga gaba zuwa baya,
na zura yatsa ɗaya, ya shiga bai yi yawo ba.
Ta ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake kwata,
ta ajiye, ta sake ɗagawa,
sannan ta yarda.

Muka bi gefen katanga, ni da ita da agogo.
Daga fili aka buga ƙwallo, ƙwas,
kunnuwanta suka miƙe,
ragama ta yi nauyi a hannuna.
Na ce, ba yau ba, Kurciya,
ni ma na ji.

Minti goma cif na kwance su,
na kai bayan hannuna kan jijiyar
yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta da asuba.
Sanyi ƙalau.

Waya ta yi ƙara, Alhaji ne:
"Yaushe za ta buga?"
Na dubi takalman rataye a ƙusa suna shan iska,
na ce, ranka ya daɗe, ba na ji sosai,
sabis ɗin barga ba shi da kyau.